Kazuhisa Inao: Ɗan Masunci da Ya Ɗauki Ƙungiyar Nishitetsu a Kafaɗa Ɗaya

A tarihin wasan besbol na ƙwararru a ƙasar Japan, wato na 'yan wasan da ke cin abinci da shi, an ɗora wa masu jifa nauyi mai tsanani daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960, kuma a cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi babu wanda ya tara nasarori a wannan tsakani kamar Kazuhisa Inao na ƙungiyar Nishitetsu Lions. A cikin kakar wasa takwas, daga 1956 zuwa 1963, an rubuta masa nasara 234, sannan a cikin kaka shida da suka biyo baya, bayan kafaɗarsa ta dama ta lalace, ya samu 42 kacal, wanda shi ne adadin da ya taɓa tarawa a shekara guda. Mutanen Japan sun yi masa laƙabi da mai hannun ƙarfe, kuma har yau da wannan laƙabi ake tuna shi, amma duk wanda ya bi tarihinsa daki-daki zai ga cewa abin da ya ɗaukaka shi dabara ce da natsuwa da iya sarrafa ƙwallo, yayin da laƙabin ya zama hujjar da manya suka riƙa kafawa suna fitar da shi fili kusan kullum, har jikin ya ƙi.

Tunda wasan ba sananne ba ne a wajen mafi yawan masu karatun Hausa, wajibi ne a fara da bayanin aikin mai jifa. Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da 'yan wasa tara, waɗanda ke karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudun ƙasa a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo mai tauri wadda nauyinta bai kai giram 150 ba zuwa ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune a nisan mita 18 da 'yan kai, yayin da mai bugu na ɗaya ƙungiyar yake tsaye a gaban mai cafewan da kulkin katako yana neman ya make ta. Idan ya buga ta cikin fili sai ya ruga ya bi tashoshi uku da aka jera, kuma duk wanda ya kewaye su ya komo inda ya taso ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya; idan kuwa jifa uku masu kyau suka wuce shi, ko aka cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko ta riga shi isa tasha, to an fitar da shi. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su musanya matsayi, kuma idan kowace ta yi bugu sau ɗaya an kammala zagaye guda, cikakken wasa kuma zagaye tara ne. Mai jifan da ya kai wasa ƙarshe shi kaɗai yakan yi jifa fiye da ɗari da iyakar ƙarfinsa, abin da ke sa tsokar kafaɗa da jijiyar gwiwar hannu su buƙaci hutun kwanaki kafin su murmure. Al'adar wasan ita ce a jingina nasarar kowane wasa ga mai jifa guda, ko wanda ya fara ko wanda ya shigo daga baya ya karɓe shi, sannan akwai mizani na biyu da masana suka fi yarda da shi, wato matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa a kowane zagaye tara, wanda idan ya gaza uku a yau ana cewa mai shi gwani ne.

Wasan ya shigo Japan ne a farkon shekarun 1870 ta hannun wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Horace Wilson, kuma ya yi fiye da rabin ƙarni yana hannun ɗalibai, waɗanda suka mayar da shi fagen horon hali, inda ake auna yaro da juriyarsa da biyayyarsa ga mai horarwa. Gasar makarantun sakandare da ake yi a filin Koshien, inda yaro guda yakan yi jifa kwana bayan kwana har ƙungiyarsa ta fita, ita ce ta dasa a zukatan jama'a cewa jarumin gaske shi ne wanda ba ya cewa ya gaji. Gasar ƙwararru ta fara a 1936, bayan da mai jaridar Yomiuri, Matsutaro Shoriki, ya gayyato taurarin Amurka su zagaya ƙasar a 1934, cikinsu har da Babe Ruth, kuma a 1950 aka raba ƙungiyoyin gida biyu, rukunin Central da rukunin Pacific, waɗanda zakarunsu ke karawa a ƙarshen kaka a jerin wasanni har bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya zama zakaran ƙasa. A wancan zamani kamfanoni ne ke mallakar ƙungiyoyin, galibi jaridu da kamfanonin jirgin ƙasa da na fina-finai, kuma Nishitetsu kamfanin jirgin ƙasa da motocin bas ne na birnin Fukuoka a tsibirin Kyushu, can kudu maso yamma, yankin ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe, wanda mutanensa suka daɗe suna jin cewa 'yan Tokiyo suna yi musu kallon ƙauyawa.

An haifi Inao a ranar 10 ga Yuni, 1937, a garin Beppu na lardin Oita, garin da ya shahara da maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma shi ne auta a gidan masunci. Tun yana yaro mahaifinsa ke ɗaukarsa zuwa teku ya tuƙa masa ƙaramin kwalekwale da doguwar filafili guda wadda ake kaɗawa a tsaye daga bayan jirgi, aikin da ke ƙarfafa ƙugu da cinya da wuyan hannu, kuma yake koya wa mutum tsayuwa daram a kan abin da ke tangaɗi. Shi kansa ya sha danganta ƙarfin jikinsa da rashin firgitarsa a fili ga waɗannan shekaru na teku. A makarantar sakandare ta Midorigaoka ya fara da cafewa kafin a mayar da shi mai jifa, makarantar kuma ba ta taɓa kaiwa Koshien a zamaninsa ba, saboda haka lokacin da Nishitetsu ta ɗauke shi don kakar 1956 bai zo da suna ba, kuma a sansanin atisaye aikin da aka ba shi shi ne ya riƙa jefa wa manyan 'yan wasa ƙwallo mai sauƙi su gwada bugu. Wannan aiki na ƙasƙanci shi ya mayar makaranta: yakan ba mai bugu jifa uku a inda yake so, sannan ya yi amfani da na huɗu ya gwada saka ƙwallon a gefe-gefen iyakar da alƙalin wasa ke karɓa, har ya kai ga yana iya ajiye ta inda ya nufa, manyan 'yan wasan kuma su ne suka fara gaya wa mai horarwa cewa yaron nan ya wuce aikin da aka ba shi.

Mai horarwar shi ne Osamu Mihara, mutumin da ba a fahimtar labarin Inao sai da nasa. Mihara ya jagoranci ƙungiyar Yomiuri Giants ta Tokiyo har ta ci gasa a 1949, amma da tsohon abokin hamayyarsa Shigeru Mizuhara ya dawo daga tsarewar da Tarayyar Sobiyat ta yi wa sojojin Japan a Saberiya, sai aka ɗauke Mihara daga fili aka ba Mizuhara ragama. A 1951 Mihara ya tsallaka zuwa Fukuoka da niyyar gina ƙungiyar da za ta kayar da waɗanda suka ture shi, kuma ya tara matasa masu bugu mai ƙarfi irin su Futoshi Nakanishi da Yasumitsu Toyoda, ya haɗa su da tsohon tauraro Hiroshi Oshita, ya sakar musu mara a wajen fili muddin za su yi aiki a cikinsa, har jaridu suka riƙa kamanta su da mayaƙan daji marasa ubangida na tsohon zamanin Japan. Ƙungiyar ta ci rukunin Pacific a 1954 amma ta faɗi a hannun Chunichi Dragons a wasan ƙarshe, abin da ta rasa kuwa shi ne mai jifan da za a dogara da shi ranar da babu mafita.

Kakar farko ta Inao ta ba da amsa, domin ya fito a wasa 61, ya ci 21 ya faɗi 6, matsakaicin makin da aka ci a hannunsa kuma ya tsaya a 1.06, wanda har yau babu wanda ya kai shi ƙanƙanta a rukunin Pacific. Yana da shekara 19 ya fito a dukkan wasanni shida da Lions ta doke Giants a jerin wasan ƙarshe na 1956, uku daga cikin nasarorin huɗu nasa ne. A 1957 ya ci 35 ya faɗi 6, cikinsu har da nasara 20 a jere, aka zaɓe shi gwarzon rukuni, Lions kuma ta sake doke Giants ba tare da ta faɗi ko wasa ɗaya ba.

Shekarar 1958 ita ce ta kafa sunansa, kuma ita ce ta fi bayyana yadda tsarin yake aiki. A tsakiyar kaka Lions tana bayan Nankai Hawks ta Osaka da tazarar wasa 11, tazarar da galibi ba a cike ta, sai Mihara ya shiga amfani da Inao ta fuska biyu, yau ya fara wasa ya kai shi ƙarshe, gobe ya shigo a zagayen ƙarshe ya tsare ɗan rinjayen da wani ya bari, har ƙungiyar ta cim ma Hawks ta wuce. Inao ya gama kakar da wasa 72, zagaye 373, nasara 33, sannan aka shiga wasan ƙarshe da Giants karo na uku a jere, a wannan karon kuma Giants ta zo da sabon tauraro Shigeo Nagashima. Inao ya fara wasan farko a filin Korakuen na Tokiyo ya sha kashi, ƙungiyarsa ta faɗi wasa na biyu ba tare da shi ba, a wasa na uku a filin Heiwadai na Fukuoka ya yi jifa daga farko har ƙarshe aka ci maki ɗaya tak a hannunsa, amma abokansa suka kasa cin ko ɗaya a hannun mai jifan Giants, Motoshi Fujita. Saura faɗuwa ɗaya ke nan kofi ya tafi Tokiyo.

Ruwan sama ya sa aka ɗage wasa na huɗu da kwana ɗaya, kuma wannan kwana ɗaya shi ne hutun da Mihara ya ga ya isa. Inao ya fara wasa na huɗu ya kai shi ƙarshe, Lions ta ci 6 da 4. Washegari, ganin an bar su a baya da maki uku, Mihara ya sake kiransa a zagaye na huɗu, ya hana Giants ƙara ko maki ɗaya har ƙungiyarsa ta rama a zagaye na tara lokacin da saura fitarwa ɗaya a tashi, a zagaye na goma kuma shi da kansa ya ɗauki kulki ya buga ƙwallon ta ƙetare shingen fili, irin bugun da ke ba mai shi damar kewaye tashoshi ba tare da an tare shi ba, wasan ya ƙare nan take 4 da 3. Da aka koma Tokiyo ya hana Giants cin ko maki ɗaya a wasa na shida, aka tashi 2 da 0, sannan a ranar 21 ga Oktoba ya sake yin zagaye tara cur a wasa na bakwai, Lions ta ci 6 da 1, makin Giants ɗaya kuma Nagashima ne ya ci shi a zagayen ƙarshe. A jimilla ya fito a wasa shida cikin bakwai, ya yi jifa a zagaye 47 a cikin kwana goma sha ɗaya, dukkan nasarorin huɗu kuma nasa ne. A wannan lokaci ne wani kirari ya bazu a jaridu wanda ya jera sunan Inao bayan na abubuwan bautar Shinto da na Buda. Mai karatu mai addini zai ga wuce gona da iri a cikin wannan kirari, kuma yana da gaskiya, amma akwai wata illa ta biyu da ta fi shafar Inao kansa, wato jama'ar da ta daina kallonsa a matsayin saurayi ɗan shekara 21 mai tsoka da jijiya ta daina tambayar nawa jikinsa zai iya ɗauka. Shekara mai zuwa kamfanin Toho ya yi fim a kan rayuwarsa ƙarƙashin darakta Ishiro Honda, wanda ya yi fim ɗin Godzilla, Inao kuma ya fito a matsayin kansa.

Abin da abokan karawarsa suka fi tunawa game da shi dabararsa ce. Makamansa biyu ne, jifa mai zamewa wadda ke kauce wa mai bugu na hannun dama a daidai lokacin da ya kawo kulki, da jifa mai kutsawa wadda ke karkatowa cikin jikinsa ta sa ya buga da gindin kulki, kuma da yake su biyun suna fita daga hannu da kama ɗaya, mai bugu ba ya sanin wadda ke tafe sai ta iso. Yakan bar mutane su yi zaton mai zamewar ce babban makaminsa alhali da ɗayar yake kashe wasa, yakan kuma lura da motsin ƙafar mai bugu a lokacin da hannunsa ya riga ya ɗaga, ya sauya inda zai ajiye ƙwallon. Saboda mutum ɗaya, Kihachi Enomoto na ƙungiyar Orions, wanda ya gagare shi, ya koyi jifa ta uku wadda ake matse ƙwallon tsakanin yatsu biyu ta faɗi ƙasa a gaban mai bugu, kuma bai cika amfani da ita a kan kowa ba sai shi. Katsuya Nomura na Hawks, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu nazarin wasan, sai da ya sa aka ɗauki hoton Inao na fim yana dubawa har ya gano yadda riƙon ƙwallon ke tona irin jifar da ke zuwa, da labarin ya kai kunnen Inao kuma ya gyara riƙon. Akwai wata ɗabi'a ƙarama da Tadashi Sugiura na Hawks ya yaba masa a kai, wato duk lokacin da ya gama zagaye yakan share ramin da ƙafarsa ta haƙa a tudun jifa kafin abokin hamayya ya hau. Mutumin da ke da irin wannan kai da irin wannan hali zai iya cin wasanni shekara ashirin da an yi tattalinsa.

Ba a yi tattalin ba. Mihara ya bar ƙungiyar bayan kakar 1959, shekarar da Inao ya yi zagaye fiye da 400, waɗanda suka gaje shi kuma suka tarar da ƙungiya mai tsufa wadda ba ta da wani abin dogaro sai shi. A 1961 Lions ta buga wasa 140 ta ci 81, Inao ya fito a 78 daga ciki, ya yi zagaye 404, ya fitar da masu bugu 353 da jifa uku-uku, an kuma rubuta masa nasara 42, fiye da rabin abin da ƙungiyar ta ci gaba ɗaya, duk da haka ta ƙare a matsayi na uku. Wannan adadi yana da wani labari na ban takaici. Victor Starffin, ɗan gudun hijirar Rasha da ya tashi a tsibirin Hokkaido ya zama tauraron Giants kafin yaƙi, an rubuta masa nasara 42 a 1939, amma daga baya masu kula da kundin wasan suka sake lissafi suka rage ta zuwa 40, saboda haka da Inao ya kai 41 kowa ya ɗauka ya kafa sabon tarihi, babu wanda ya ga dalilin neman ƙari bayan ta 42. A 1962 hukumar wasan ta mayar wa Starffin adadinsa na asali, sai ya zamana su biyun suna kunnen doki, kuma haka suke har yau.

A 1963, ƙarƙashin Nakanishi wanda ya haɗa wasa da horarwa, Lions ta cike tazarar wasa 14 da rabi ta sake ƙwace rukunin daga hannun Hawks, Inao ya fito a wasa 74 ya ci 28, amma tun kafin kakar ta ƙare kafaɗar ta fara ciwo. Ya ci wasa biyu a jerin wasan ƙarshe, a na bakwai kuwa Giants ta fatattake shi tun da wuri aka tashi 18 da 4. A 1964, yana da shekara 27, lokacin da mai jifa ya kamata ya kai ganiyarsa, bai ci ko wasa ɗaya ba. Ya dawo da ƙyar bayan doguwar jinya da atisaye, ya koma mai shigowa daga baya galibi, har ma ya sake zama na ɗaya a mizanin maki a 1966 da 1.79, karo na biyar ke nan, abin da ya nuna cewa kai da dabara suna nan ko da ƙarfin ya tafi. Ya ajiye wasa a ƙarshen 1969 da nasara 276 da faɗuwa 137, matsakaicin makinsa na tsawon rayuwar wasa 1.98.

Ba shi kaɗai tsarin ya cinye ba. Sugiura ya ci 38 ya faɗi 4 a 1959, ya kuma ci wasa huɗu a jere a kan Giants a wasan ƙarshe, amma a 1961 sai da aka yi masa tiyata saboda toshewar jijiyar jini a hannun jifa, bai sake komawa yadda yake ba. Hiroshi Gondo na Dragons ya ci 35 a kakarsa ta farko a 1961, a zagaye fiye da 429, ya ci 30 a ta biyu, daga nan hannun ya mutu, kuma da ya zama mai horarwa shi ne ya fi kowa tsayawa kan raba aiki tsakanin masu jifa, tafarkin da ya kai Yokohama BayStars ga kofi a 1998. Masu kare tsohon tsari sukan kawo misalin Masaichi Kaneda, wanda ya yi shekara ashirin yana jifa ya ci 400, amma Kaneda mutum ne da ya yi suna wajen kula da abincinsa da hutunsa, kuma yana da bakin da zai ce wa mai horarwa a'a, abin da ɗan masunci mai kunya daga Beppu bai saba yi ba. Adalci dai shi ne a faɗi cewa Inao bai taɓa kuka da kowa ba. An ruwaito cewa da ya je gaida Mihara a asibiti gab da rasuwarsa a 1984, tsohon ya nemi gafararsa kan yadda ya yi amfani da shi a 1958 don biyan buƙatar kansa, Inao kuma ya amsa masa cewa a wancan lokaci samun damar hawa tudun jifa kaɗai farin ciki ne a wurinsa. Wannan amsa ta nuna girman Inao, neman gafarar kuma ya nuna cewa Mihara ya san abin da ya aikata.

Ritayarsa ta zo daidai da mafi munin abin kunya a tarihin wasan a Japan, lokacin da aka gano a 1969 da 1970 cewa wasu 'yan wasa suna karɓar kuɗi daga 'yan caca masu alaƙa da gungun miyagu domin su sayar da wasa, kuma Lions ce ta fi kowace ƙungiya shafuwa. An kori wasu masu jifanta har abada, cikinsu har da Masaaki Ikenaga, matashin da ake sa ran zai gaji Inao, wanda sai a 2005 aka ɗage masa hukuncin bayan doguwar fafutukar da Inao yana cikin masu goyon bayanta. A cikin wannan hali aka miƙa wa Inao ragamar ƙungiyar yana da shekara 32, ta ƙare a ƙarshen tebur shekara uku a jere, 'yan kallo suka ƙaurace wa Heiwadai, kamfanin Nishitetsu kuma ya sayar da ita a ƙarshen 1972. A nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba, domin da yake ba shi da masu jifa, sai ya yi wa matashi Osamu Higashio kusan abin da aka yi masa, ya sa shi jifa zagaye fiye da 300 a 1972, shekarar da ya ci 18 ya faɗi 25. Higashio ya jure ya zama babban tauraro mai nasara 251, amma sa'a ce ta jiki, ba hujja ba ce ga tsarin. Ƙungiyar ta canza hannu ta bar Fukuoka zuwa lardin Saitama don kakar 1979 da sunan Seibu Lions, birnin kuma ya zauna shekara goma babu ƙungiya.

Aikinsa na biyu a matsayin shugaban masu horarwa, a Lotte Orions daga 1984 zuwa 1986, shi ne ya nuna abin da ya koya daga kafaɗarsa. Babban mai jifan ƙungiyar, Choji Murata, ya je Amurka a 1983 likita Frank Jobe ya dasa masa sabuwar jijiya a gwiwar hannu, a lokacin da mafi yawan mutanen wasan a Japan ke ganin cewa mai jifan da aka sa wa wuƙa ya gama. Inao ya tsara masa jifa sau ɗaya a mako, ranar Lahadi, ya ƙi sauya tsarin ko da ƙungiya na cikin matsi, Murata kuma ya ci 17 ya faɗi 5 a 1985. A ƙarƙashinsa ne kuma Hiromitsu Ochiai, mai bugun da bai saba sauraron kowa ba, ya zo na ɗaya a manyan mizanan bugu uku shekara biyu a jere, 1985 da 1986, kuma da aka sallami Inao sai Ochiai ya bar ƙungiyar zuwa Dragons.

An shigar da Inao zauren girmama gwarazan besbol na Japan a 1993, ya rasu a Fukuoka a ranar 13 ga Nuwamba, 2007, yana da shekara 70, 'yan makonni bayan buɗe sabon filin wasa a Beppu wanda ke ɗauke da ɗakin tarihinsa, a 2012 kuma Seibu Lions ta ajiye lambar rigarsa, 24, babu mai sake sa ta. Bai taɓa samun lambar yabo ta Sawamura da ake ba gwanin masu jifa ba, saboda a zamaninsa 'yan rukunin Central kaɗai ake ba. Yau mai jifan da ke fara wasa a Japan yakan huta kwana shida tsakanin wasa da wasa, hukumar gasar makarantu ta ƙayyade jifa 500 a mako ga kowane yaro tun daga 2020, kuma lokacin da Masahiro Tanaka ya karya tarihin Inao na nasara a jere a 2013, inda ya ci 24 bai faɗi ko ɗaya ba, zagaye 212 ya yi, kimanin rabin abin da Inao ya yi a 1961. Tsohuwar ɗabi'ar dai ba ta mutu gaba ɗaya ba, domin a wasan ƙarshe na wannan shekarar Tanaka ya yi jifa 160 a wasa na shida sannan ya sake fitowa washegari ya rufe na bakwai, filin kuma ya ɗauki sowa. Nasara 42 a kaka ɗaya ba za a sake ganinta ba, kuma bai kamata a sake nemanta a hannun kowa ba.